Mai Dokar Sauri, Mai Haƙurin Fatsa: Tunawa da Gordon Moore

A ranar 24 ga Maris, 2023, Gordon Moore ya rasu a gidansa da ke Hawai, yana da shekara 94, iyalinsa na kewaye da shi. Jaridun duniya sun tuna shi da abubuwa biyu: kamfanin Intel da ya kafa tare da abokinsa Robert Noyce, da kuma hasashen nan da ake kira Dokar Moore, wanda ya zama ma'aunin saurin ci gaban kwamfuta na fiye da rabin ƙarni. A ƙarshen kowane rahoto kuma sai a liƙa ɗan layi guda, kamar an tuna da shi a makare: mutum ne mai son kamun kifi, ya bar mata ɗaya da suka yi shekara 72 tare, da 'ya'ya biyu da jikoki huɗu.

Ra'ayina shi ne wannan layin na ƙarshe ya fi cancantar a tsaya a kansa, musamman a wurin mu da muka yi karatu muka shiga ofis. Mutumin da ya koya wa duniya cewa ƙarfin na'ura zai riƙa ninkuwa duk bayan shekara biyu bai ɗora rayuwarsa a kan wannan ma'auni ba. Ya san abin da ke ninkuwa, ya kuma san abin da ba ya karɓar gaggawa: kogi, da aure, da amana. A ganina, sanin wannan bambanci yana cikin ƙwarewar injiniya, kuma duk wanda ya rasa shi yakan yi ɓarna ko da lissafinsa daidai ne. Sai dai labarin Moore yana da tabo, kuma tunawa da ta tsallake tabon ba ta da amfani ga mai rai.

Dokar da ba majalisa ce ta kafa ta ba

A cikin kowace wayar hannu akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi na silikon, waɗanda masu gyaran waya ke kira ai-si. Silikon daga yashi ake tace shi. A kan kowace ƙwaya akwai taranzista, wato makunnin lantarki da ba ya motsi, wanda aikinsa kawai shi ne ya bar wuta ta wuce ko ya hana ta. Da wannan kunnawa da kashewa ake yin duk wani lissafi, daga aika kuɗi zuwa kiran bidiyo. Gwargwadon yawan taranzistar da aka cusa a ƙwaya ɗaya, gwargwadon ƙarfinta da arhar aikinta.

A watan Afrilun 1965, mujallar Electronics ta buga wata gajeriyar maƙala ta Moore, wanda a lokacin yake shugabantar sashen bincike na kamfanin Fairchild. Ya duba 'yan shekarun da suka wuce, ya ga adadin abubuwan da ake iya ɗorawa a ƙwaya ɗaya yana ninkuwa kowace shekara, sai ya yi hasashen cewa haka za a ci gaba har shekara goma, a kai wajen 65,000 a 1975. A cikin maƙalar ya ambaci kwamfutar gida, da na'urorin sarrafa mota, da na'urar sadarwa da mutum zai riƙa yawo da ita, a zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki. A 1975 ya gyara hasashen ya mai da shi ninki duk shekara biyu. Abokinsa Carver Mead na jami'ar Caltech ne ya yayata sunan Dokar Moore.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta saba da ninki ba, don haka misali zai taimaka. Ƙwayar gero ɗaya, in aka ninka ta sau 26 a jere, za ta haura ƙwaya miliyan 67. A 1971 Intel ya fitar da ƙwayarsa ta 4004 mai taranzista 2,300. Daga 1971 zuwa 2023 shekara 52 ne, wato ninki 26, kuma lissafin yana ba da kimanin biliyan 154. A shekarar da Moore ya rasu, kamfanin Apple ya fitar da M2 Ultra mai taranzista biliyan 134. Da wuya a sami wani hasashe a tarihin sana'a da ya daɗe yana faɗawa kusa da gaskiya haka.

Amma dokar ba irin ta faɗuwar dutse daga sama ba ce. Alkawari ne da masana'anta gaba ɗaya ta ɗaukar wa kanta: kowane kamfani ya san in bai ninka ba, abokin gasarsa zai ninka. Dubban injiniyoyi ne suka riƙa cika alkawarin da guminsu, shekara bayan shekara. Wannan ne ya sa ta zama dokar sauri, ta kuma koya wa zamaninmu ɗabi'ar ganin duk abin da ya kwana biyu a matsayin tsohon yayi.

Yaron bakin rafi

An haifi Moore ranar 3 ga Janairu, 1929, a San Faransisko, ya kuma yi ƙuruciyarsa a Pescadero, wani ɗan ƙauyen manoma a gaɓar tekun Kalifoniya, inda mahaifinsa ke aikin tsaro na gunduma. Rafi ya ratsa ƙauyen, kuma a nan ya koyi fatsa. Bayan iyalin sun koma Redwood City, wani akwatin gwajin sinadarai na yaran maƙwabta ya ja hankalinsa, har ya shiga haɗa abubuwa masu fashewa. Ya fara karatu a San Jose, ya kammala digirin farko a Berkeley a 1950, ya sami digirin digirgir a ilimin sinadarai a Caltech a 1954. A takarda ke nan masanin sinadarai ne. Aiki ne ya mai da shi injiniya, kuma injiniyoyin da kansu suka karɓe shi, har ƙungiyar IEEE ta ba shi babbar lambarta ta girmamawa a 2008.

A 1956 William Shockley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiro taranzista, ya ɗauke shi aiki. Shockley haziƙi ne, amma mugun shugaba ne mai zargin kowa, har ya taɓa neman a sa ma'aikatansa a na'urar gano ƙarya. A 1957 matasa takwas, ciki har da Moore da Noyce, suka ajiye aiki tare, kowannensu ya zuba dala 500, suka kafa Fairchild Semiconductor da jarin wani attajiri. A Yulin 1968 Moore da Noyce suka sake fita suka kafa Intel. Moore yakan kira kansa ɗan kasuwar da tsautsayi ya kai kasuwa, domin bai taɓa tsara zama mai kamfani ba.

Abubuwa biyu daga shekarunsa na shugabanci suna nuna halinsa. A shekarun 1970 Intel ya shiga sana'ar agogon lantarki ta hanyar sayen kamfanin Microma, ya tafka asara ya fita. Moore ya ci gaba da ɗaura ɗaya daga cikin agogunan shekaru da yawa, yana kiransa agogonsa na dala miliyan 15, don ya riƙa tuna masa da kuskuren. A 1985 kuma, lokacin da kamfanonin Japan suka karya farashin ƙwayoyin ajiyar bayanai, wato sana'ar da aka kafa Intel a kanta, mataimakinsa Andy Grove ya tambaye shi abin da sabon shugaba zai yi in aka kore su. Moore ya amsa cewa zai fitar da kamfanin daga wannan sana'a. Suka yi hakan da kansu, suka mai da hankali ga ƙwaƙwalwar kwamfuta. An rufe masana'antu, dubban mutane sun rasa aiki, amma kamfanin ya tsira. Mutumin da ke ɗaura kuskurensa a wuyan hannu shi ne zai iya sakin abin da ya gina in lokaci ya yi.

Abin da ruwa ke koyarwa

Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A sana'ar Moore wannan ba karin magana ba ne kawai, domin dafa dutsen ake yi: a narka silikon, a yanka shi falle-falle, a gasa a tanderu mai tsananin zafi, a wanke da sinadarai, a sake gasawa. A farkon shekarun 1960 wani sabon nau'in taranzista ya yi ta ba injiniyoyi ciwon kai, yau ya yi aiki gobe ya sauya hali. A ɗakin binciken Fairchild da Moore ke shugabanta aka gano cewa ɓurɓushin sinadarin sodiyam ne, irin wanda ke cikin gishiri har da gumin jikin mutum, yake shiga yana ɓata aikin. Ba a gano irin wannan da walƙiyar basira. Sai an zauna, an lura, an rubuta, an sake gwadawa.

Halin mai fatsa ke nan. Ruwa ba ya karɓar umarni, kifi bai san muƙamin mai ƙugiya ba. Wanda ya shekara yana komawa bakin kogi ɗaya yakan san launin ruwan a kowane lokaci na shekara, ya san inda yake zurfi, ya kuma lura da ranar da abin da ya saba gani ya daina zuwa. Moore ya riƙe fatsa tun yana yaro har tsufansa, shi da matarsa, sun bi ruwa zuwa sassa daban-daban na duniya. Shi da kansa ya sha danganta damuwarsa da muhalli ga wannan sha'awa: wuraren da ya sani a matsayin daji da ruwa, ya koma ya tarar an cika su da gine-gine.

A shekarar 2000 shi da matarsa suka kafa gidauniya mai ɗauke da sunayensu biyu, suka zuba mata hannun jarin da ya kai kimanin dala biliyan 5. Kafin rasuwarsa ta raba fiye da dala biliyan 5. Kaso mai yawa ya tafi ga kare dazuzzukan Amazon, da tekuna, da kogunan da kifin salmon ke hayayyafa a arewacin tekun Pasifik. A 2001 sun ba ƙungiyar Conservation International dala miliyan 261, sun kuma ba Caltech dala miliyan 600. Attajirai da yawa suna ba da kyauta inda za a ga sunansu a bango. Wanda ya zuba dukiya don kifi ya sami hanyar komawa mahaifarsa, ya ba da ita ne ga abin da ya sani da ƙafarsa da idonsa.

Gida

Ya haɗu da Betty Whitaker suna ɗalibai a San Jose, inda ta karanta aikin jarida, suka yi aure a 1950. Ita ce ta riƙa aiki tana samo abin masarufi lokacin da yake karatun digirin digirgir. Sun haifi 'ya'ya maza biyu, Kenneth da Steven. Ta rasu a Disamban 2023, wata tara bayansa.

Tsawon aure kaɗai ba shaidar komai ba ne, domin akwai auren da haƙurin mutum ɗaya ne ke riƙe da shi. Abin da ya fi ba da shaida shi ne yadda muryar Betty ta fito a aikin da suka bari. An taɓa kwantar da ita a wani asibiti, aka yi kuskuren yi mata allurar insulin da aka tanada don wata majinyaciya, ta kusa rasa ranta. Daga nan lafiyar majinyata da horar da ma'aikatan jinya suka zama ɗaya daga cikin ginshiƙan gidauniyar, har a 2007 aka ba jami'ar Kalifoniya da ke Davis dala miliyan 100 don kafa makarantar jinya mai ɗauke da sunanta. Dukiyar da ta bi damuwar mace kamar yadda ta bi sha'awar miji tana nuna gidan da ake shawara a cikinsa.

Mai karatu zai iya cewa: ai mai biliyoyi ne, me zai hana shi zuwa kamun kifi da zama da iyali? Wanda ke fita da asuba ya dawo bayan isha don albashin da ba ya kai ƙarshen wata fa? Tambayar tana da nauyi. Amma fatsar da auren duk sun riga kuɗin zuwa. Yana da su tun yana ɗalibi, ya riƙe su a shekarun da kamfaninsa ke tsakanin rayuwa da mutuwa. Kuɗi ba su saya masa wannan hali ba, sun dai kasa ƙwace shi daga hannunsa. Mun kuma san mutane da yawa da suka ce sai sun samu za su zauna da 'ya'yansu, suka samu, suka tarar 'ya'yan sun girma sun zama baƙi.

Tabon da ke ƙarƙashin ƙasa

Kafin a kira shi Kwarin Silikon, kwarin Santa Clara ya shahara ne da gonakin 'ya'yan itatuwa. Masana'antar da Moore ya taimaka wajen haifarwa ita ce ta maye gurbinsu. Ta zo da suna mai kyau, ba hayaƙi ba baƙin toka, amma tana wanke ƙwayoyinta da sinadarai masu guba, tana kuma adana dagwalon a tankuna a ƙarƙashin ƙasa. Tankunan suka yi yoyo. A 1981 aka gano cewa wata masana'antar Fairchild a kudancin San Jose ta gurɓata rijiyar ruwan sha, mazauna unguwar suka koka da ɓarin ciki da haihuwar jarirai masu naƙasa. Moore ya bar Fairchild shekara 13 kafin nan, amma tsofaffin wuraren aikin Intel ma sun shiga jerin gwamnatin tarayyar Amurka na wurare mafiya gurɓacewa. Gundumar Santa Clara ta taɓa samun irin waɗannan wurare 23, fiye da kowace gunduma a ƙasar, kuma an shafe shekaru da dama ana tace ruwan ƙarƙashin ƙasarta.

Mutumin da ya kashe ɗimbin dukiya don kare kogunan Alaska da dazuzzukan Amazon, sana'arsa ta zuba guba a ruwan da ke ƙarƙashin garin da ya yi arziki. Ban kawo wannan don in rushe abin da na faɗa a baya ba. Na kawo shi ne don ya nuna iyakar son daji in ya tsaya a ranakun hutu. Kogin da ake zuwa fatsa ana ganinsa, ana kewarsa. Ruwan da ke ƙarƙashin masana'anta ba mai ganinsa, kuma ba manyan injiniyoyi ne ke shan sa ba. Idon da Moore ya horar a bakin rafi ya ga asarar da ke nesa, amma masana'antar da yake jagoranta ta makara wajen duba ƙarƙashin ƙafarta. Kyauta bayan ɓarna alheri ce, sai dai ba ta kai hana ɓarnar daraja ba.

Namu kogunan

Wannan darasi bai tsaya a Kalifoniya ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kura da Kadawa, kuma duk wanda ya ci shinkafa ko tumatir na yankin ya ci moriyarsu. Injiniyoyin da suka gina su sun yi aikin da ake alfahari da shi. Amma ruwan da aka tare a sama, shi ne ambaliyar da dausayin Haɗejiya da Nguru ke jira kowace damina. Faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa ya ragu. Sakin ruwa a kai a kai duk shekara ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Masunta da makiyaya da manoman fadama, har zuwa Gashuwa da gaɓar Komadugu Yobe da ke kan iyaka da Nijar, su ne suka biya farashin. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, sun auna suka gano cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin, in aka haɗa noma da su da itacen girki, ya zarce wanda ake samu a aikin ban-ruwa na sama nesa ba kusa ba.

Ba sai mutum ya yi digiri zai san wannan ba. Kowane Sarkin Ruwa a yankin zai iya faɗin sa. Matsalar ita ce iliminmu na zamani ya koya mana cewa barin gona da kogi shi ne alamar an isa. Yaro ya tashi a bakin fadama, ya yi karatu, ya zama injiniya ko darakta, daga nan sanin da yake yi wa ƙasa ya koma na taswira da gilashin mota. 'Ya'yansa kuma suna iya sarrafa wayar da Dokar Moore ta sa a hannunsu, amma ba su iya bambance tarwaɗa da ƙarfasa ba. Wanda bai san abu ba, ba zai lura da ranar da ya ɓace ba.

Saboda haka ina ganin abubuwa uku sun kamata. Makarantun da ke horar da injiniyoyi su wajabta wa ɗalibi bin kogi da ƙafa zuwa ƙasa da inda za a yi aiki, da rani da damina, ya zauna da waɗanda ruwan ke ciyarwa, kafin a amince da zanensa. Masu masana'antu, ko na jima ne ko na robobi, su ɗauki ruwan da ke fita ta bayan katangarsu a matsayin wani ɓangare na kayan da suke ƙerawa, su tambayi kansu ko za su bar 'ya'yansu su sha. Mu kuma iyaye da ke zaune a birane mu riƙa kai yara gona da bakin ruwa tun suna ƙanana, ba don hoto ba, sai don su saba har su riƙa kewa.

Masana suna ta muhawara a kan ko Dokar Moore ta zo ƙarshe, tunda taranzista ta kusa kai ƙanƙantar da ba a iya wucewa. Shi da kansa ya sha faɗin cewa babu ninkin da ke ɗorewa har abada. Wayar da ke hannunka za ta tsufa cikin 'yan shekaru, ta ƙare a tulin shara a bayan wata kasuwa. Rafin Pescadero kuwa yana nan yana gangarawa teku kamar yadda yake yi a 1929, kuma ko zai ci gaba da ɗaukar kifi ya danganta ne ga mutanen da suka san shi sosai har za su lura in ya fara canja launi. Haka Challawa, haka Haɗejiya.